A sauko da darasin zane daga kan allo zuwa hannun yara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi magana da ma'aikatun ilimi na jihohinmu, da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB), da shugabannin makarantu, da iyayen yara, a kan wani darasi da ke cikin jadawalin kowace firamare da ƙaramar sakandare, amma a yawancinsu suna kawai ya rage masa. Darasin zane da aikin hannu muke nufi.

Tun da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta fito da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda aka fara aiki da ita a 2008, aka haɗe zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo suka zama darasi guda, wanda malamai ke kira CCA. A takarda abin ya tsaru. A cikin aji kuwa, ana miƙa darasin ga duk malamin da aka ga lokutansa ba su cika ba, ko da Hausa ko lissafi ya karanta. Shi kuma, ba laifinsa ba ne, sai ya shiga da littafi ya cika allo da ma'anar layi da rabe-raben launi da sunayen kayan aikin da yaran ba su taɓa riƙewa ba. Su kwafa, su haddace, ƙarshen zango su amayar. Yaro kan ci maki 70 cikin 100 alhali bai taɓa dama launi biyu ya ga na uku ya fito a gabansa ba. Tamkar an koya wa yarinya tuƙin tuwo ne da alli, ba ta taɓa kama muciya ba.

Uzurin da ake kawowa kullum shi ne babu kayan aiki. Gaskiya ne fenti da buroshi na kanti sun yi tsada. Sai dai kusan duk abin da aji ke buƙata yana cikin garin da makarantar take.

A fara da takarda. Rim ɗaya na A4 falle 500 ne, idan aka raba kowane biyu ya zama 1,000. Aji mai yara 70 da ke zane sau ɗaya a mako, cikin mako 12, rabin falle 840 zai ci. Ke nan rim ɗaya ya ɗauki aji guda zango cikakke har da saura. Wannan takarda ta fensir da gawayi ce, da ta sha ruwa sai ta kumbure ta yamutse. Don aikin launi a tara katan daga shaguna, a yanka girman littafin rubutu, a shafa masa farar ƙasa da aka dama da ruwan ƙaro, a bari ya bushe a inuwa. Takarda mai sheƙi irin ta fasta ba ta karɓar launin ruwa, tara shi take yi ɗigo-ɗigo.

Gawayin zane kuma ana yin sa a harabar makaranta. A sami ƙananan rassa masu kaurin fensir, irin na darbejiya, a ɓare su, a yanka daidai tsawon gwangwani mai murfi, a cusa su a matse, a rufe, a huda murfin da ƙusa huda ɗaya, a saka cikin garwashi. Hayaƙi zai riƙa fita ta hudar. Idan ya ɗauke, a janye gwangwanin a bar shi ya huce sarai kafin a buɗe. Wanda ya yi gaggawar buɗewa da zafi, iska za ta shiga, itacen ya kama wuta, ya tarar da toka.

Launi shi ne inda ya kamata a daɗe, domin nan ne aka fi jin cewa sai da kuɗi. Fentin ruwa abu biyu ne kawai: garin launi, da abin da zai manne shi a kan takarda. Mai mannewar shi ne ƙaro, wanda Allah ya wadata Yobe da Borno da Jigawa da shi, ake fitar da shi ƙasashen waje, a can a yi fenti da shi a dawo a sayar mana. A daka ƙaro mai tsabta cikin gwangwanin madara ɗaya, a zuba ruwan ɗumi gwangwani biyu, a bar shi ya kwana, a tace da ƙyalle. A jefa kanumfari ƙwaya uku ko huɗu don ya jinkirta tsami da fumfuna, amma duk da haka kada a haɗa wanda zai wuce mako biyu a lokacin zafi.

Garin launi daga ƙasa ake wanke shi. A zuba jar ƙasa cikin bokiti, a cika da ruwa, a dama sosai, a ƙirga zuwa talatin don yashi da tsakuwa su nutse, sannan a tsiyaye ruwan mai launi cikin wani bokitin a bar shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan sama, a shanya laushin da ya kwanta. Haka ake yi wa ƙasa mai ruwan ɗorawa da farar ƙasa. Baƙi daga gawayi ne ko baƙin gindin tukunya, shuɗi kuma daga bular wanki. A niƙa garin da ɗan ruwa a kan dutse mai santsi har sai yatsa ya daina jin ɓarzo, sannan a haɗa cokali ɗaya na kwaɓin da cokali ɗaya na ruwan ƙaro, a ɗiga zuma ɗigo biyu. A gwada a kan kwali, idan ya bushe a murza da yatsa. In ya kama yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana tsattsagewa, ƙaro ya yi yawa, a ƙara gari. Murfin kwalbar lemo ya isa mazubin kowane launi, ko ya bushe a ciki ɗigon ruwa zai tashe shi mako mai zuwa. Buroshi kuwa, a dandaƙa bakin asuwaki, ko a ɗaure gashin akuya da zare a tura shi cikin bututun gashin zabo.

Zoɓo da gangamau suna ba da launi mai kyau nan take, yara na son su, amma malami ya sani ba sa daɗewa, rana na kashe su cikin makonni. Amfaninsu a wani wajen yake. A ɗiga ruwan kanwa a kan zoɓo, zai koma kore. A ɗiga lemon tsami, ya dawo ja zur. Gangamau kuma ja yake komawa idan ya haɗu da kanwa. Darasin kimiyya ne ya shigo ajin zane da ƙafarsa. Haka tawadar bagaruwa: a jiƙa ɓawonta a tafasa, a jefa tsatsattsen ƙarfe, cikin kwanaki ruwan ya yi baƙi, a sa ƙaro. Malaman allo da dukawa sun san sirrin nan tun kafin a gina ajin boko na farko a ƙasar nan.

Wajen haɗa launi akwai abin da ke karya wa yara gwiwa. Littafi ya ce ja da shuɗi suna ba da shunayya, yaro ya haɗa jar ƙasa da bula sai ya ga ruwan ƙasa mai duhu. Dalili shi ne jar ƙasa tana ɗauke da rawaya a cikinta, don haka launi uku ya haɗa bai sani ba, kuma duk inda ukun nan suka haɗu sai launi ya mutu. Idan makaranta za ta sayi abu ɗaya daga kanti, to ta sayi ja mai karkata zuwa ruwan hoda. A kuma koya musu su fara da launi mai haske su riƙa ɗiga mai duhu kaɗan-kaɗan. Mai farawa da shuɗi yana neman kore zai ƙarar da rawayar aji duka. Kowane rukuni ya sami gwangwanin ruwa biyu, na wanke buroshi da na damawa.

Sai zanen kansa. Babban kuskure, har a wurin malaman da ke ƙoƙari, shi ne malami ya zana kofi a allo ya ce a kwafa. Abin da yaro ya koya a nan shi ne kwaikwayon hannun malam, idonsa bai yi aikin komai ba. A kasa yara rukuni-rukuni na takwas zuwa goma, a ajiye wa kowane rukuni abu na gaske a tsakiya: buta, tulu, takalmi, ƙwarya, reshe mai ganye. Za a ga kusan dukansu sun yi wa tulu baki zagayayye kamar daga sama suke kallo, sun kuma ja masa gindi miƙaƙƙe. Abin da suka sani suke zanawa, sun san bakin tulu da'ira ne. Maganinsa faifai. Malami ya ɗaga faifai yana fuskantar yara, ya riƙa kwantar da shi a hankali, su ga da'ira tana tsukewa kamar ƙwai har ta zama layi idan ta zo daidai ido. Minti biyar na wannan ya fi shafi uku na rubutu. Daga nan a nuna musu awo da fensir: a miƙe hannu sarai, a rufe ido ɗaya, a auna faɗin tulu da babban yatsa, a ga sau nawa ya shiga tsayinsa. Idan gwiwar hannu ta lanƙwashe, awo ya ɓaci. Don inuwa ta fito, a rufe tagogin ɓangare ɗaya haske ya shigo ta gefe guda. Fensirin HB da kowa ke da shi ya isa fitar da siffa, fensirin 2B mai laushi da baƙi, ko gawayi, ya yi inuwa. A makonnin farko a karɓe abin gogewa, domin yaron da ke riƙe da shi yakan ƙare lokacinsa yana goge layi ɗaya har takarda ta huje.

Wannan duka na 'yan aji huɗu ne zuwa sama. 'Yan aji ɗaya zuwa uku a ba su babbar takarda da gawayi a ƙyale su, kada a ce gida ya karkace ko bishiya ta fi masallaci tsawo, a tambaye su dai me suka zana. Wajen shekara tara zuwa goma sha ɗaya ne yaro ke fara son zanensa ya yi kama da abin gaske, kuma a nan ne mafi yawa ke cewa ba su iya ba, su ajiye fensir har abada. Daidai wannan lokacin ake buƙatar malamin da ya san yadda ake koyar da kallo.

Edita, akwai maganar da ba za mu tsallake ba. Iyaye da yawa suna ƙyamar darasin nan saboda hukuncin surar abu mai rai, kuma damuwarsu abin girmamawa ce. Fatawa ta malamai ce, ba tamu ba. Abin da za mu iya cewa a fanninmu shi ne, duk ginshiƙan wannan ilimi, layi da siffa da haske da inuwa da launi da tsari, ana koyar da su cif ba tare da an zana mutum ko dabba ba. Ya inganta cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya riƙa yin bishiya da abin da ba shi da rai. Gadonmu ma a nan ya fi ƙarfi: zayyanar allon sauka, aska takwas a ƙirjin babbar riga, ɗinkin hula, zanen ƙofar soro a Kano da Zariya da Damagaram, saƙar faifai, adon ƙwarya, lallen amare. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, har yau ɗaliban zanen gine-gine na nazarin bakan gizon rufinsa. Da ƙusa da zare da ɗan gawayi yaro zai ja da'ira, ya taka gefenta da tsawon zaren nan, ya ga sau shida cif ya zagaye ta, fure mai kunne shida ya fito. Da takarda mai gida-gida ta littafin lissafi zai fitar da dagi, ya gane inda igiya ke hawa da inda take nutsewa. Shugaban makarantar da ya zauna da iyaye ya nuna musu wannan tsari a farkon shekara ya kashe rigimar tun ba ta tashi ba.

Yumɓu ya fi kowane aiki shiga ran yara, ya kuma fi kowane ɓata wa malami rai idan bai san halinsa ba. A busar da yumɓun da aka haƙo, a farfasa, a jiƙa kwana biyu, a dama ya zama kamar kunu, a tace da rariya don cire tsakuwa da saiwa, a zuba a kan buhu ya tsane. A gwada shi: a murza igiya mai kaurin ɗan yatsa a naɗe a yatsa. In ta karye, yashi ya yi yawa. In ta naɗu amma tana danƙo a hannu, maiƙonsa ya yi yawa, zai tsuke ya tsage wajen bushewa. A daka tsingaro a tankaɗe, a zuba awo ɗaya cikin awo uku ko huɗu na yumɓu. Mai son tabbaci ya yi ɗan falle, ya ja layin santimita 10 a kai, ya auna bayan ya bushe; in ya gaza 9, a ƙara tsingaro. Sannan a cuɗa sosai kamar kwaɓin fulawa har laushinsa ya daidaita.

Kaurin bangon kowane abu kada ya wuce yatsa ɗaya. Duk inda za a manna hannu ko gindi, a karce ɓangarorin biyu da tsinke, a shafa kunun yumɓu, a danna. Wanda aka liƙa haka kawai zai ɓalle da ya bushe. A shanya a inuwa, mako ɗaya zuwa biyu, a kife. A lokacin hunturu a rufe da leda kwanakin farko, in ba haka ba baki ya riga gindi bushewa, tsaga ta biyo. Idan aka kara abu a kumatu aka ji sanyi, da sauran ruwa a cikinsa. Wannan ruwan ne ke zama tururi a wuta ya tarwatsa tukunya, har ta fasa na kusa da ita. Shi ya sa maginan tukwane ke fara ɗumama kayansu a gefen wuta suna juyawa kafin su lulluɓe su da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu. A gashin farko makaranta ta gayyato maginiya daga garin ta jagoranta, a sallame ta yadda ya dace. Yara su san cewa Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a gida ta koyi ginin tukunya da hannu kafin ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, kuma da wannan aikin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Bugun hatimi mai sauƙi ne: dankali, sakaina ko tsohon silifas, a sassaƙa da ƙarfen tsohuwar laima da aka wasa. Kada a ba yara reza. Harafi a juye ake sassaƙa shi, a duba a madubi kafin a buga. A shafa launi a kan soso a riƙa dangwalawa, domin in aka tsoma kai tsaye ramukan za su cike zane ya ɓace.

Rini kuwa yana da haɗari, a yi hattara. Marinar Ƙofar Mata a Kano da baba da toka da kanwa take aiki, ruwan kuma sai ya yi kwanaki yana nuna, don haka makarantu suka fi amfani da rinin kasuwa mai soda. Sodar nan tana cin fata tana makantar da ido. Malami kaɗai zai haɗa, a waje, da safar hannu ta roba, cikin bokitin roba, ya zuba soda a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, kada ya taɓa zuba ruwa a kan soda. Aikin yara ɗauri ne. Zaren da aka warware daga buhun shinkafa ya fi kowane, don ba ya shan rini. Yadin ya zama auduga zalla: a ƙona ɗan zarensa, in ya zama toka yana warin takarda auduga ce, in ya narke ya dunƙule leda ce, ba za ta karɓi rini ba. A wanke sitacin sabon yadi, a jiƙa shi da ruwa bayan ɗauri kafin a tsoma. In rinin shuɗi ne zai fito kore, a shanya shi iska ta mai da shi shuɗi, a ɗauraye kafin a kwance.

Duk wannan ba zai yiwu cikin minti 40 ba. Rabon kaya zai ci biyar, wanke hannu da share aji goma. Muna roƙon a haɗe lokuta biyu a jere sau ɗaya a mako, kuma wannan ba ya cin ko sisi. Kowane yaro ya sami jakar kwali da zai tara aikinsa da kwanan wata, a ba da aƙalla kashi 60 na makin zango a kan abin da ke cikinta: yadda ya kalla, yadda ya sarrafa kaya, ko ya kammala. Jarrabawar WAEC da NECO ta wannan fanni tana da aikin hannu, wanda bai saba tun daga ƙasa ba ba zai tunkare ta ba. Malaman ma akwai su. Tun 1955 ake koyar da zane a matakin gaba da sakandare a Zariya, kwalejojin ilimi kuma suna yaye masu NCE a fannin kowace shekara, amma sai a tura su koyar da wani darasi daban, ko su ƙare a shagon buga fasta. A mayar da su ajinsu, a sa kowane ɗaya ya horar da malaman firamaren da ke kewaye da shi a lokacin hutu. Telan da ke fitar da aikin wuya, da mai adon silin, da mai tsara hoto a kwamfuta, da ɗalibar da za ta zana sassan fure a jarrabawar kimiyya, duk wannan idon da wannan hannun suke nema.

Wajen tsara shekara a bi yanayi. Zangon farko a yi zane da haɗa launi, a haƙo yumɓu idan ruwan kududdufi ya ja baya. Zango na biyu a yi gini da gashi, a zaɓi ranar da ba iska, nesa da azuzuwa da rumbuna. Zango na uku, da damina ke hana yumɓu bushewa, a yi hatimi da rini da saƙa, a rufe da baje kolin aikin yara ranar karɓar sakamako, iyaye su zo su gani.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu malaman zane da aikin hannu, Zariya.